Baba Gola da Filin Bayan Tasha

A ƙuruciyarsa mai tsaron raga ne, har yatsunsa sun karkace da kamun ƙwallo, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Gola. Da girma ya zo, sai ya koma horar da samarin unguwa a filin gefen asibiti.

Shekarar da sojojin ƙasar waje suka zo yaƙar masu tsattsauran ra'ayi da suka yi sansani a daji, filin nan suka mayar bariki, suka kewaye shi da waya mai ƙaya. Samari suka rasa wurin zuwa da yamma. Ana cikin haka jirgin baƙin ya jefa bam kan motar 'yan kasuwa bisa kuskure, mahaifin Dogo, ɗan wasan gaban Baba Gola, yana cikin waɗanda suka mutu. 'Yan bindigar daji kuwa abin nema ya samu. Har wurin zaman makoki suka riƙa raɗa wa samari cewa ramuwa tana wajensu. Wasu suka bi su.

Baba Gola ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta ce, "Malam, tagumi ba ya korar soja. Ƙwallon nan dole sai a can take birgima?"

Washegari ya ɗauki shebur ya nufi jujin bayan tasha. Aka ce tsufa ya taɓa shi. Da samari suka ga dattijo yana kwasar shara shi kaɗai, kunya ta kawo su. Suka baje wurin, suka kafa raga da tsofaffin bututu.

Rannan Dogo ya zo fuska a murtuke. "Baba, tafiya zan yi. Jinin mahaifina ba zai zuba a banza ba."

Baba Gola ya ce, "Da hannuna na sa shi a kabari, ɗana. Masu kiran naka su suka ƙona makarantar ƙanwarka. Ba zan ɗaure ka ba, amma ranar Asabar muna da wasa, kuma ba ni da lamba tara."

Ranar Asabar Dogo ya zo a makare, ya ci ƙwallo, ya durƙusa yana kuka, 'yan kallo suka ɗauke shi sama. Labari ya kai daji. Kafin damina, biyu cikin waɗanda suka tafi sun ajiye bindiga sun dawo gida.

Yanzu Dogo ne mai horarwa. Baba Gola yana kan benci, yana masa ihu wai bai iya tsara 'yan baya ba.