Abin da na kasa kai wa Madam Rabi

Ku cinka mini wannan: ba a sayensa, ba shi da nauyi, amma shekara uku na kasa ɗaukarsa daga ƙofar gidana zuwa gidan maƙwabciya. Mene ne?

Yau da safe ina dama koko labari ya same ni. Maƙwabciyata Madam Rabi ta likita, mai aikin jinya, ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san jikana Sani, maigidana na wasa. Yana shekara takwas ya tashi da zazzaɓi, wai gwiwa na ciwo. Washegari wai idon sawu. Rana ta uku wai gwiwar hannu.

Na ce, "Maigida, ciwon naka fatauci yake yi? Tashi, gudun lakkwal ne, ba ka son zuwa makaranta!" Har kwaikwayon ɗingishinsa na yi, gida na dariya.

Sai ga Madam Rabi ta shigo sayen daddawa. Ta taɓa wajen, yaro ya yi ƙara. Ta ce, "Ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?" Ya yi kuwa, na ba shi jiƙo.

Ta ce, "Hajiya, ciwo mai yawon nan shi ne abin tsoro. Zuciya yake nufa. Yau za a kai shi."

Kun san me na ce mata, a gaban mutane? "Wadda ba ta taɓa haihuwa ba za ta koya mini raino?"

Ta goya shi da zanenta, har tashar Damagaram. Da muka isa Damagaram likitoci suka ce ciwon ya fara taɓa zuciyar.

Tun daga nan ita ke yi masa allurar wata-wata. Kullum da alewa a aljihunta.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne. Ta ce, "Hajiya, allurar angonki ranar Laraba, kada a manta." Maganar tana bakina, wallahi. Sai na ɓige da tsokana, wai za ta ƙwace mini miji.

Iyaye, gaɓar yaro ta kumbura da zazzaɓi, ku yi likita ranar, ku bar dariya.

Allah ya jiƙan Rabi, ya haskaka kabarinta, ya ba ta ladan duk ɗiyan da ta goya. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ni ma ya roƙa mini.

Amsar kacici-kacicin kalma uku ce: ki yafe mini.