Teburin Uwa da 'Ya'yansa

Shekara uku na yi ina shigar da sunayen mata masu ciki a kwamfuta, a wani ƙaramin asibitin mishan da ke Kafanchan, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Kafin nan tafireta nake bugawa. Wata baturiya ce ta koya mini aikin kafin ta koma ƙasarsu.

Ta tsara bayanan a jadawalai da ake kira teburi. Akwai babba da muke kira uwa, sai ƙanana na Madakiya, da Kachia, da cikin gari, kowanne ya gaji tsarin uwar. Ta ja mini kunne: duk umarnin da aka ba uwa yana sauka kan 'ya'yan. Wanda kuma aka ba izinin uwa, kwamfuta ba za ta sake tambayarsa izinin 'ya'ya ba, ko da na kulle su.

Rannan shugaban asibitin ya shigo da ƙanin matarsa, wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kaduna.

"Sista, ki buɗe masa babban teburin."

"Oga, in na buɗe masa wannan, na ba shi duka ke nan. A ba shi izinin dubawa kawai."

"Ke da shi wa ke da satifiket?"

Na buɗe.

Ranar Laraba na tafi Madakiya tare da ungozoma. Ƙanin matar Oga kuma ya ga wasu tsofaffin layuka na gwaji a uwar, ya ba da umarnin gogewa, bai ce uwa kaɗai ba. Da na dawo na buɗe na Kachia, wayam. Na Madakiya ma haka. Faifan da muke ajiye kwafin bayanan a cikin kabad kuwa danshin damina ya riga ya lalata shi. Katunan takarda na matan tuni Oga ya sa aka ƙone, wai sun cika ofis.

Washegari wata mata ta zo awo, cikinta wata takwas. Likita ya tambayi rukunin jininta da abin da ya faru a haihuwarta ta baya. Na tsaya ina kallon allon kwamfuta, ita kuma tana kallona.

A taron ma'aikata Oga ya ce, "Wa ya ba shi izini?"

Ni ce.

Aka mayar da ni kan tafireta. Ƙanin matar Oga ya zauna a kujerata har shekara biyu, kuma duk lokacin da abu ya cije masa, ni yake aikawa a kira.