Kaijage Mai Fito da Rediyonsa

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da hantsin Talata, tara ga Afrilu, aka aiko mini cewa Kaijage, mai fiton mashigin ƙauyenmu, ya rasu bayan gajeriyar jinya.

Kaijage, ba wanda ya taɓa shiga kwale-kwalenka ba ka miƙa masa 'ya'yan kofi ya tauna ba. Kai ne ka yi ta yi mini gori har na shiga ajin yamma da furfurata, na koyi rubutun nan.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne ranar da yaƙi ya iso mana. Sojojin ƙetare sun ci garuruwan iyaka, an karya gada, ƙarar igwa tana matsowa. Duk ƙauyen ya taru a bakin kogi, kwale-kwale kuwa ɗaya ne. Matata Kokubanza tana ɗauke da ciki wata tara, ana turereniya da ita cikin taɓo. Maza sun cika jirgin har ruwa ya fara shiga. Da ka tura shi haka, da ba wanda ya kai waccan gaɓar.

Ka kafa sandarka ka ƙi motsi. Mutalemwa mai sayen kofi ya zauna da kekensa a ciki, ya ce, "Tura mana, ɗan'uwa, ko sai sun zo sun gaishe ka?"

Ka ce, "Keken naka ne mai naƙuda? Yi shiru, Shugaba zai yi magana."

Ka ɗaga rediyonka sama da hannu biyu. Shugaban ƙasa bai ɓoye mana komai ba. Ya ambaci garuruwan da aka ci, ɗaya bayan ɗaya, har da na kusa da mu. Sannan ya ce, "Ina nan inda kuka san ni, ban haɗa kaya ba. 'Ya'yanku sojoji suna hanya. Abokin gaba yana so tsoro ya yi masa aikinsa. Kada ku tattake juna ku rage masa wahala."

Igwa ba ta daina ba. Amma Mutalemwa ya sauke kekensa, sauran maza suka biyo shi. Ka fara da mata da yara, ka yi ta kai da komowa har tafin hannunka ya fashe, mu maza muna tsaye muna jiran namu.

A waccan gaɓar, cikin gonar ayaba, Kokubanza ta haifi 'yarmu. Wannan 'yar ce ta haifa mini jikana na fari ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka. Murna ta hana ni zama, na ce sai na kawo maka shi ka gani, ban samu ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ƙetarar da kai lafiya kamar yadda ka ƙetarar da mu. Ga matarka Mama Nyamwiza da 'ya'yanku, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana.