Ranar da Inna Ta Wanke Karatun Yaya

Shekarar da malaman jami'a suka tafi yajin aiki, yayata ta dawo gida rungume da kwali kamar mai jego. Na ɗauka tsaraba ce. Tana buɗewa sai ga wasu 'yan faranta na gilashi masu murfi, an naɗe bakinsu da salatef, kowanne cike da funfuna.

Na ce, "Yaya, abin da ake ba ku a makarantar ke nan?"

"Matsa can, uwar surutu. Aikin kammala karatuna ne."

Wai cutar nan ce mai ƙone ganyen tumatir. Ta bi gonaki daga Tofa har Zakirai tana tsinko ganyen da ya kamu, sannan ta dafa wa cutar abinci: wani da ruwan dankalin Turawa da sukari, wani da ruwan karas, ta zuba wani gari ya daskare kamar kokon da ya kwana. Na riƙe baki. Ni tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa dafa mini dankali da sukari, amma ga cuta tana ci tana ƙiba! Yaya so take ta gane ko cutar iri ɗaya ce a ko'ina. Ta Tofa ta fito baƙa ƙirin, ta Zakirai kuwa toka-toka, da gashi buzu-buzu kamar gemun bunsuru. In na cikin farantan suka lalace, sai Yaya ta jira wata kakar tumatir, ƙawayenta su gama su bar ta.

Ta tura kwalin ƙarƙashin gadon Inna don can ya fi sanyi, ba ta gaya mata ba saboda gudun faɗa.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta aiko za ta zo daga Bacirawa. Gwaggo sai ta leƙa gindin tukunya take amsa gaisuwa. Inna ta tura mu kai niƙa, ta kama shara.

Muna dawowa muka tarar da farantan a jere kan tabarma, suna ƙyalli a rana.

Inna ta ce wa Yaya, "Kin dai ji kunya. Budurwa kamarki ta ci abinci ta tura kwano ƙarƙashin gado har ya tsiro gashi? Da toka na dirje su."

Garin niƙan da ke kan Yaya ya kife. Wallahi sai da na ga fuskarta ta fi garin fari.

"Inna, abin cikin fa?"

"Na kankare na zuba a gindin tumatirina na bayan ɗaki. Ai taki ne."

Ihun da Yaya ta yi, na rantse har awakin Zakirai sun ɗaga kai. Da Inna ta fahimci abin da ta wanke, sai ta zauna daɓas a kan turmi tana salati.

Bayan 'yan kwanaki tumatirin Inna ya fara ƙonewa. Ita da kanta ta tsinko ganyen a faifai, ta kawo da murna.

"Ungo, ga abinki ya tsiro."

Yaya ta dube shi ta ce, "Inna, wanne ne na Tofa?"

Inna ta jujjuya ganyen, ta kasa bambancewa.

Da aka janye yajin aiki, ƙawayen Yaya suka gama suka tafi bautar ƙasa. Da kakar tumatir ta zagayo, Yaya ta sake bin gonaki, Inna a gaba da mayafi tana yi wa masu gona sallama: "Malam, a taimaka mana da ganye, amma mai ciwon."