Tiyon da Na Haɗe a Motar Alhaji

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Laraba, cikin bazara, mu huɗu ne a garejina da ke Tumfure a Gombe: ni, da mai waya, wato mai gyaran lantarkin mota, da ke aiki a rumfar gefena, da wani Alhaji Babarbare mai sayar da huluna, da babban ɗansa. Motar ɗan ce ta tara mu.

Asali motar Alhajin ce. Shekara da shekaru yana hawanta daga gidansa na Manawashi zuwa kasuwa, kuma ni nake duba masa ita. Da ya sayi wata sai ya bar wa ɗan. Saurayin ya kai ta Kano ta yi wata biyu, ta dawo da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, da salansa mai faɗin bakin kwano, an kuma sauke ta har bambarta na shafar ƙasa. Shi da abokansa suna fita da irin waɗannan motoci rakiyar ango, su sami fili su yi ta juyi da su. Bayan ta dawo, mai wayar ya sa mata ƙaramin agogo a gefen sitiyari mai nuna zafin baƙin mai. Da zarar an taka motar minti goma, sai allurar agogon ta haye ja, alhali agogon ruwa yana tsakiya bai motsa ba.

"Bappa, agogon ne ke ƙarya," in ji saurayin, yana kallona. "Ruwa lafiya, fanka na juyawa, to daga ina zafi zai fito? Aikin mutumin nan ne. Na riga na faɗa a gurup ɗinmu na waya, kada wanda ya ƙara kawo masa mota."

Mai wayar mutumin Kaltungo ne, shekararmu tara muna raba inuwa ɗaya. Na san yawancin aikin da yake samu daga hannun samarin nan yake fitowa, ga yara huɗu a makaranta. Bai yi musu ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce mini, "Oga, ka bi ta yadda ka saba. In nawa ne, da hannuna zan cire."

Alhaji yana kan benci yana fifita da hula. Ya ce, "Bawana, kana ta kallon mota kamar saniyar da ta ƙi cin dusa. Tashi ka yi wa ubangidanka aiki."

Wasan Barebari da mu Fulani ne, don haka na ce masa Babarbare bai san komai a mota ba sai inda ake ajiye turare. Ya yi dariya, ni kuma na ɗauko sifana.

Ina da jeri a wannan aiki. Ban yi boko mai nisa ba, amma wanda ya koya mini bai taɓa barina na tsallake mataki ba, ni ma ban taɓa barin kowa ba. An san ni da haka har unguwar Kumbiya-Kumbiya.

Na ɗaya, man kansa. Na zaro sandar awo, yana daidai layi. Na murza shi tsakanin yatsu, ya tsinke kamar ruwan shayi, yana warin ƙuna. Sati biyu ke nan da juye shi. Mai ba ya lalacewa haka sai ya dahu.

Na biyu, ruwa. Lagireto a cike, babu yoyo, babu kumfa.

Na uku, fanka. Tana kamawa a kan lokaci, tana saki a kan lokaci.

Na huɗu, agogon. Mai wayar ya kwance sensar, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafin ya kai wa agogo. Muka tafasa ruwa a buta muka tsoma ta ciki, allura ta tsaya a kan ɗari cif. Na ce agogo ba ya ƙarya.

Saurayin bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce, "To ai a gindin filtar mai ya ɗaura ta. Wani abu ya toshe a wurin. Kafin ya taɓa motar wa ya taɓa jin ta yi zafi?"

Da ya ce gindin filta sai na ajiye sifana. Wani abu ya faɗo mini na shekara uku baya, ban kuma so ya faɗo ba. Mataki na biyar shi ne iska, ko tana shiga gaban motar yadda ya kamata. Aikin minti biyar ne. Na ɗauki rabin awa a kansa. Na cire lamba na duba bayanta, na leƙa ragar bamba, na sake leƙawa. Iska tana shiga. Ba sauran abin da zan tsaya a kai sai na shida, shi kuwa a ƙarƙashin mota ake yin sa.

Ramin garejina gajere ne, don motocin mutane na gina shi. Wannan kuwa ta yi ƙasa da yawa, ba ta barin ratar da mutum zai ratsa. Sai na fara sauka da tocila, sannan suka turo ta a kaina har ta rufe ramin daga baki zuwa baki, har matattakalar. Ba ni da hanyar fita sai sun sake turawa. Injin bai gama hucewa ba, zafinsa yana sauko mini a ka. Ta ɗan tsagin da ya rage ina ganin ƙafafu shida: takalmin fatar Alhaji, farin kambas ɗin ɗansa, da silifas ɗin mai waya.

Na haska gindin filta. Aikin mai wayar yana nan tsaf, babu ɗigo, babu abin da ya toshe. A gefensa kuma ga kular mai, ƙaramin akwatin ƙarfe da ruwan inji ke ratsawa yana kwashe zafin man. Bakunanta biyu a buɗe suke, sun bushe, har zanzaro ya yi ɗaki a ɗaya. Tiyo biyun da ya kamata su shiga cikinta an haɗe su da juna da guntun bututu. Kilif biyu ne suka matse bakin tiyon, kawunan sukurorinsu suna kallon gefe ɗaya. A Gombe ban san wanda ke damuwa da inda kan sukuru ke kallo ba sai ni.

Ga yadda aka yi. Shekara uku da suka wuce kular ta huje, mai yana shiga ruwa. Na nemi irinta a cikin gari ban samu ba. Sai na yi abin da kowa ke yi a layinmu, abin da na ga ana yi tun ina koyo: na toshe hujin, na zagaye ta, na haɗe tiyon. Na ce a raina zan yi saƙonta daga Kano. Alhaji ya zo da yamma, na ce masa an gyara. Iyakar abin da na ce ke nan. A lissafina, mutumin da ba ya wuce gudun keke tsakanin gida da kasuwa, man motarsa ba zai taɓa yin zafi ba. Bai dawo da ƙorafi ba, ni ma ban yi saƙon ba. Yanzu an ɗora turbo a kan injin da babu mai sanyaya masa mai, ana kuma juyi da shi a rana tsaka.

"Bawana, ko barci ka yi a ciki?" Alhaji ya ƙwanƙwasa jikin motar. "Fulani dai, ko a kan saniya sai su yi gyangyaɗi."

Gumi yana shiga idona. Na tsaya ina jera hanyoyin da nake da su, kamar yadda nake jera komai. Zan iya cewa turbo ya fi ƙarfin motar, sai an ƙara mata kula, in sa sabuwa shiru, kowa ya tafi. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma saurayin zai ci gaba da cewa tun da aka taɓa gindin filta abin ya fara, maganarsa kuma tana nan a wayoyin abokansa. Zan iya cewa a bar motar ta kwana. Gobe ma wannan ramin ne. Silifas ɗin nan bai motsa daga inda yake ba tun da na sauka.

"Bappa, ka ga toshewar, ko?"

Na ce, "Babu toshewa. Alhaji, sunkuyo ka ji."

Na ji bencin ya yi ƙara, inuwarsa ta rufe tsagin. Daga cikin ramin na faɗa masa, ɗaya bayan ɗaya: kular ta huje, ban samu ba, na zagaye ta, na ce an gyara, ban yi saƙo ba. Na ce aikin mai waya ba shi da aibi, agogonsa ma shi ya hana injin ƙonewa a kan titi.

Ina jin wucewar Keke Napep a bakin hanya. Ba wanda ya tuna ina ƙasa.

Can Alhaji ya ce, "Shekara uku. Malam, na je Maiduguri da iyalina a motar nan sau biyu."

Na ce na sani.

"Da ka faɗa mini, da ni da kaina zan sayo ta. Kowane wata ina Kano."

Na ce haka ne. Mai wayar ne ya ce, "Alhaji, a tura motar, zai dahu a ciki." Suka tura, na fito rigata sharkaf.

Alhaji ya sa ɗansa ya ɗauko waya a gabanmu ya yi magana a gurup ɗin da bakinsa, ya ce ba laifin mai waya ba ne. Saurayin ya so ya tsaya nan. Uban ya ce, "Faɗi na waye." Saurayin ya dube ni, na ce ya faɗa. Ya faɗa.

Da suka tafi na zauna a bakin ramin. Mai wayar ya miƙo mini ruwan leda ya ce, "Oga, ranar da na sa sensar na ga tiyon."

Na ce, "Ka gani ka yi shiru ana cin mutuncinka?"

Ya ce, "Tiyo ba layina ba ne. Kuma in na faɗa, cewa za a yi ina jefa maka laifina. Na san ba ka tsallake na shida."

Kular ta iso daga Kano ranar Lahadi. Na ɗaura, na juye mai, saurayin ya taka ta har hanyar Dadin Kowa ya dawo, allura ba ta kusanci ja ba. Samarin sun koma wajen mai waya. Wasunsu ba su ƙara tsayawa a gefena ba, Alhaji kuma ya kai sabuwar motarsa wani wuri. Ban ga laifinsu ba.

Abin da ya rage mini shi ne ba motarsa kaɗai na yi wa haka ba. Na zauna na yi ƙoƙarin tuno su, na kasa. Wasu an sayar, wasu an bar wa 'ya'ya, kuma ban san wa ke taka su yanzu ba, ko yaya yake taka su.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karatu. In motarka ta taɓa zama a wani gareji a Tumfure, ko ka saye ta hannun wani a Gombe, ka sa a hau da ita rami a haska gindin filta. In an ga tiyo biyu a haɗe da guntun bututu, kada ka ƙara gudu da ita. Ka sa a mayar mata da kularta a satin nan, ko a wurina ko a wurin wani.