Maganar da Baba Bai Faɗa Ba

Ko da zan manta duk wahalar da na sha a aikin koyarwa, ba zan manta da wata Laraba ba, ranar da na zauna a gindin tsamiya a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja, na karanta wa wani dattijo ƙarya da sunan maganarsa.

Lokacin ina koyarwa a wata kwalejin aikin gona, ina bincike a kan kacalla, ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa ta hana manoman shinkafa da masunta sakat. Ƙarin girmana yana jiran takarda ɗaya tak da za ta fito a mujallar ilimi. Dattijon shi ne jagoran gayyar da ƙauyen ke yi don buɗe hanyar ruwa. Na ɗauki hirarmu a waya, sai da na dawo gida na tarar ƙarar injin ban-ruwa ta cinye rabin maganar. Ga damina ta sauka, komawa sai da kwalekwale.

Ni kuwa mace ce mai gaggawa, kowa ya san ni da wannan hali. Na kwashe guntayen abin da na iya ji, na haɗa da ɗan abin da na rubuta a littafina, na zuba wa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, na ce ta haɗa min cikin Turanci mai kyau. Ta haɗa tsaf, har ina yaba wa dattijon iya tsara zance. Da mujallar ta tambaya ko na yi amfani da irin wannan manhaja, na ce a'a. Na lallashi zuciyata cewa ai gyaran Turanci ne kawai.

Aka karɓi takardar, aka ba ni mako guda in yi mata duban ƙarshe kafin a buga. Sai na tuna sharaɗin da dattijon ya gindaya min: a garinsu, maganar da aka ɗauka a gaban jama'a, a gaban jama'a ake mayar da ita. Na sayi goro na tafi, gaskiya don in yi burga na je.

Ina karantawa ina fassarawa, mutanen garin suna gyaɗa kai, har na zo inda aka rubuta cewa dattijon ya ce da rani sukan cinna wa kacalla wuta. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Malama, sake karanta wurin nan," in ji shi.

Na sake karantawa.

"Ni na faɗi haka?"

Na lalubi zancen wuta a kaina, ban tuna inda na ji shi ba.

"'Yar nan, mu a ƙarƙashin ruwa muke yanka ta da lauje, mu bar ruwa ya shaƙe ta. Wuta ai taki ce a wurinta. Kuma tun zamanin iyayenmu muka yi alkawari da makiyaya ba mai sa wuta a fadamar nan. In wannan takarda ta kai kunnensu, da wane ido zan dube su?"

Ban sa sunansa ba, amma na sa sunan ƙauyen, kuma jagoran gayya ɗaya ne a garin. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kuskure ne." Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, a gyara." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ina isa Haɗeja ban tsaya komai ba. Na bi takardar layi-layi, na sami wasu wurare biyu da manhajar ta cike giɓi da abin da ta ga dama, har da wani littafi da ta kafa hujja da shi, wanda na nema sama da ƙasa na gano ba a taɓa rubuta shi ba. Wata abokiyar aikina ta ce, "Ke dai kin cika neman magana. Goge layukan shiru, wa zai sani?" Kwana biyu ina juya shawararta, abinci ma ya ƙi shiga. Amma ko na goge, da me zan cike wurin? Ban ji ainihin abin da mutumin ya faɗa ba, kuma na riga na yi wa mujallar ƙarya.

Saura kwana ɗaya wa'adin ya cika na rubuta wa editan mujallar komai. Daga nan duk ƙarar da waya ta yi sai in ɗauka takardar kora daga aiki ce ta iso. Amsar da ta zo gajeriya ce: an janye takardar, in sake hirar, in bayyana duk inda manhaja ta sa hannu, sannan a duba ta daga farko. Ƙarin girma ya wuce ni a wannan shekara, na yi kuka mai isata. Sauri ya haifi nawa.

Da ruwa ya janye na koma ƙauyen, muka zauna da dattijon nesa da injin. Bayan wata biyu na sake kai masa karatu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yauwa, yanzu kin faɗi tawa."

Har yau ina amfani da manhajar, ina kuma rubuta hakan ɓaro-ɓaro a kowace takarda. Abin da na koya shi ne, ita ba ta san kunya ba, ba ta da maƙwabcin da za ta haɗa ido da shi gobe. Mai sa hannu a takarda shi ke ɗauke da amanar bakin mutane, kuma inda bai ji ba, sai ya koma ya tambaya.