Mai Rediyo da Na'urar da Ke Haɗiye Bismillah

Bayan na fita takaba, abu na farko da na ɗauka na fita da shi daga gida shi ne na'urar faifan maigidana. Shi ke kunna mana karatun Alƙur'ani da ita bayan asuba, ni kuwa ban taɓa sa mata hannu ba sai in zan goge ƙura. Maɓallanta duk rubutun Turanci ne, bokona kuma bai kai nan ba. Na naɗe ta a zani na kai wa Mai Rediyo da ke bakin layinmu, na ce ta lalace, don kunya ta hana ni cewa kunnawa ce ban iya ba. Ya jona ta, ta kama karatu ras. Bai yi dariya ba. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko kwalbar jan farcen da yake ɗiga wa kan sukurori, ya ɗiga ɗaya a wani maɓalli, biyu a na kusa da shi.

"Hajiya, ɗigo ɗaya ta yi magana, biyu ta yi shiru. Sauran ki bar su, ko ni ban san amfaninsu ba."

Ya sani sarai. Kunyata ya rufe mini.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Shagonsa bai fi ɗakin ajiya ba: tebur ɗaya na katako, benci a waje, gwangwanayen madara cike da sukurori, tsohon buroshin haƙori na goge datti, da madubi fasasshe da yake jinginawa a gaban talabijin don ya ga hoto yana aiki ta baya. Matarsa, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ta ce mini tun yana yaro ya farke rediyon mahaifinsa don ya ga mutumin da ke magana a ciki, ya sha duka, daga nan kuma bai sake barin waya ba. Da sana'ar ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata.

Abin da aka san shi da shi kunne ne. Gyaran rediyo kowa na yi, amma shi tun kana bakin ƙofa da akwatinka yana kuka zai ce maka, "Ajiye, takardar sifikar ce ta yage," ko, "Wannan ba ciwo ba ne, ƙura ce." Masu wa'azi da masu shagon kaset daga unguwanni masu nisa suke kawo masa kaya saboda kunnen nan. Shi ne jarinsa. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a. Duk ranar da aka ce Mai Rediyo ba ya ji, shagon ya mutu ko da ƙofarsa a buɗe take.

Faya-fayan maigidana suka tsufa suka kakkarce, sai 'yata ta kawo mini sabo, irin wanda aka tara Alƙur'ani gaba ɗaya a faifai guda. Na yi murna. Amma da na kunna sai na ji abin da ya tayar mini da hankali. Kowace sura za ta fara, na'urar sai ta yi shiru kamar mai haɗiye yawu, sa'an nan ta faɗa cikin aya ta farko. Babu Bismillah. Wani lokacin har da rabin ayar take cinyewa. Ni da kunne nake hadda, ba da ido ba. Na fara jin bakina yana bin na'urar, ina buɗe sura ba tare da sunan Allah ba. Na ce wannan ba zaman lafiya ba ne.

Na kai masa. Tela, maƙwabcin shagonsa, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, yana zaune a benci yana cire zare.

"To fa! Hajiya, na'urarki ta mai da duk surorin Tauba ke nan?"

"Allah ya shirye ka, Tela," na ce.

"Amin, ni da na'urar. Injiniya, ka yi mata alwala tukuna kafin ka buɗe ta."

Mai Rediyo ya yi murmushi, amma murmushin ya makara, sai da ya ga mun yi dariya ya biyo mu. Na lura da hakan. Ya goge idon na'urar, wanda ke karanta faifai, da auduga, ya ce in dawo gobe. Da na dawo ya ce ta warke. Na kai gida, tana nan tana haɗiyarta.

Na koma da ita, na ce ya kunna a gabana. A nan na ga abin da ban so gani ba. Ya sa faifan, ya ɗora tafin hannunsa a jikin sifika, idonsa kuma a kan lambobin da ke gudu a gaban na'urar. Ba saurare yake yi ba, taɓawa yake. Da sifikar ta fara rawa a ƙarƙashin hannunsa ya gyaɗa kai.

"Ga ta nan tana yi, Hajiya."

"Malam, farkon ne babu."

"Na'am?"

"Farkon."

Ya dubi bakina da sauri ya kau da kai. Sai na tuna yadda rediyon shagonsa ta ƙara ƙara a 'yan shekarun nan har maƙwabta na gunaguni, da yadda ake masa sallama ta baya bai amsa ba ana cewa girman kai ya fara. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana manna kunne a jikin sifika, sifikar ta cinye kunnen. Na ɗaure bakina. Ba nawa ba ne in faɗa.

Ya kai na'urar wajen wani mai shagon kwamfuta a babban titi. Ya dawo da bayani: ba ido ba ne, ba waya ba ce, ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. An ƙera ta kafin irin wannan faifan ya fito, shi ya sa take daɗewa kafin ta gane shi, kafin ta farga Bismillah ta wuce. Kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja, wato sabon karatun da za a ɗora wa ƙwaƙwalwar, mai kwamfuta kuma ya sauko da ita ya zuba a faifai.

"Filashin za a yi mata," in ji Mai Rediyo.

Na ce, "Filashin kuma? Tana da lamba ne?" Ni dai filashin da na sani shi ne ka kira mutum ka katse.

Tela ya kusa faɗowa daga benci. "Ba ta lambarta, Injiniya, ta kira ta da kanta su sasanta!"

Mai Rediyo bai ji daɗin aikin ba, na gani a fuskarsa. Aiki ne da ba a buɗe murfi, ba a kunna ƙarfen dalma, ba abin da hannu zai yi. Ka sa faifai ka zauna. Mai kwamfuta ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada wuta ta yanke ana cikin yi, in ta yanke ƙwaƙwalwar ta tafi. Zai ji tana ɗan kuka ƙit, ƙit, ƙit, kada ya taɓa ta sai kukan ya tsaya. Saboda haka bai yarda da wutar gari ba. Ya roƙi Tela ya tayar da janaretansa, ya jawo waya ta taga.

Da hantsi ne. Ina zaune a ƙarshen benci. Ya sa faifan, ya ɗora tafinsa a bayan na'urar yana jin juyawarsa. Can faifan ya tsaya, bakin na'urar ya buɗe ya turo shi waje. Ya ɗauke hannu ya yi ajiyar zuciya. A wurinsa aiki ya ƙare, tunda abin da hannunsa ke ji ya daina motsi. Ni kuwa duk da ƙugin janareta ina jin ta, siririn kuka kamar na ɗan tsako, ƙit, ƙit, ƙit.

"Malam, tana kuka har yanzu," na ce.

Ya ba ni baya, ya sunkuya wajen soket.

"Malam!"

Layin nan bai taɓa jin muryata haka ba. Mai shagon da ke tsallake ya ɗago kai. Mai wanki ya tsaya da dutsen guga a hannu. Kowa ya ji, sai wanda nake kira. Ya zare filogi.

Da ya mayar, ba ta ce komai ba. Ba lamba, ba haske, ba karatu. Ya zare ya mayar, ya zare ya mayar. Ya ɗan mare ta a gefe yadda yake wa tsofaffin rediyoyi. Sa'an nan ya juyo, ya ga Tela a tsaye baki buɗe, ya ga mutanen tsallake suna kallonsa.

"Injiniya," in ji Tela, kuma wannan karon ba wasa a muryarsa, "Hajiya ta yi maka ihu. Ba ka ji ba?"

Mai Rediyo ya zauna a kan kujerarsa ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na ce masa na'ura ce, abin duniya, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Ban sani ba ko ya ji.

Tela ba mugu ba ne, amma magana zarar bunu ce, shi kuma bakinsa ba shi da ƙofa. Kafin a jima labari ya kai inda ƙafa ba ta kai ba. Masu wa'azi suka daina zuwa. Mai shagon kaset ya aiko aka ɗauke sifikarsa ba a gama gyara ba. Ba wanda ya zage shi, kayan sauti dai suka daina shigowa. Yanzu abin da ke kan teburinsa dutsen guga ne da tocila da butar lantarki, kayan da ba sa magana. Fanka ma wasu sai su ce a'a, wai ba zai ji in tana ƙara ba.

Maman 'Yan Biyu ta shigo wurina wata rana da la'asar, ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafi.

"Yaya, na daɗe da sani. A gida sai na taɓa shi yake juyowa. Na ce mu je asibiti ya ce in aka gan shi da abin ji a kunne wa zai kawo masa rediyo? To ga shi yanzu ba abin ji, ba rediyon."

Daga baya ya je asibitin. Likita ya ce ɗaya kunnen ya tafi, ɗayan saura kaɗan, an ba shi ɗan abin jin da ake saƙalawa a kunne. Ya ce yana mai da muryar mutane kamar sifikar da takardarta ta yage, shi kuma ba zai iya zama da irin wannan sauti bai gyara ba. Abin yana can cikin gwangwanin sukurori.

'Yata ta zuba mini karatun a waya, da Bismillarsa cikakkiya. Na'urar tana can a saman kantarsa. Duk mai tafiya babbar kasuwa sai ya ba shi saƙon a nemo masa irin ƙwaƙwalwarta a cikin matattun na'urori. An kawo masa wasu, ba su dace ba. Na ce ya bari, ya ce ba a taɓa kawo masa abu yana magana ya mayar da shi bebe ba.

Abin da ya fi damunsa, ashe, ba rashin aikin ba ne kaɗai. Mutane sun koma yi masa ihu. Mai gaisuwa ihu, mai tambayar hanya ihu, Tela ma da ya daina tsokanarsa sai ya manna baki a kunnensa ya kwarara. Ni kuwa tun tasowata in zan gaida namijin da ba muharramina ba kaina a ƙasa yake, muryata ma a ƙasa. Haka na ci gaba da yi, ina wucewa ina gaishe shi, yana amsawa da ka, ko ya ji ko bai ji ba.

Wata safiya ya tsayar da ni. Yana riƙe da igiyar dutsen guga yana feƙe ta, bai dube ni ba sai da ya gama.

"Hajiya, wata alfarma nake nema. Kada ki ɗaga murya, masu ihu sun ishe ni. Ki yi magana yadda kika saba. Kanki kawai za ki ɗan ɗago in kina gaishe ni, in ga bakinki. Na gaji da amsa gaisuwar da ban san me aka ce ba."